Ranar da Aka Yi wa Jirgin Ɗanjuma Bugu

In za a tara masu cika baki na ƙasar Malumfashi, to a shimfiɗa wa Haladu tabarmarsa daban. Ya taɓa zuwa Legas ya yi ɗan zaman sayar da rake a ƙofar tashar jiragen ruwa, shi ke nan ya dawo ƙauyenmu da sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, babu rago babu goro. Rediyo ba ta tsira a hannunsa ba, injin ban-ruwa ma ya ji jiki, amma Haladu bai taɓa ɓata komai ba. Ko dai kayan jabu ne, ko mai kayan ne ya cika gaggawa.

Mijin yayarsa Ladidi, wato Ɗanjuma, shi ne mai fito a madatsar ruwan da ke bayan ƙauyenmu, can gefen Ƙarfi. Lambunan tumatir ɗinmu duk suna tsallake, kuma jirginsa kaɗai ke kai mutane ya dawo da kwanduna. Jirgin na faiba ne, irin na roba mai zare a ciki, wanda wasu masu aikin agaji suka bari tun da daɗewa. Da can shuɗi ne garau, har fuskarka kake gani a jikinsa. Rana ta yi ta dukansa har fatar samansa ta koɗe, ta koma toka-toka, in ka shafa sai hannunka ya fito fari kamar ka taɓa alli. Amma ko ɗigon ruwa ba ya shiga.

Abu ɗaya ne a ran Ɗanjuma: inji. Ya tsufa da filafili a hannu, kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin ɗaguwa, kullum sai Ladidi ta gasa masa ita da ruwan zafi. Ba ya neman duniya, yana dai son ranar da zai zauna a bayan jirgi ya riƙe hannun inji ruwa yana tsagewa.

Sai ga kansilanmu, Honorabul Aƙilu, zaɓe ya matso. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallon jirgin yana yatsina fuska.

"Malam Ɗanjuma, na samo maka inji sabo ful. Amma akwai magana. Na riga na faɗa wa manya cewa sabon jirgi da sabon inji na kawo wa mazaɓata, kuma za su zo da masu ɗaukar hoto."

"To ranka ya daɗe, ina sabon jirgin?"

"Ga shi nan kana tsaye kusa da shi. Ka sa ya yi sheƙi kafin ranar kasuwa ta sama. In na zo na tarar da shi kamar tsohon jaki haka, akwai masu jirgi a wani gari, su ma suna da ƙuri'a."

Ɗanjuma ya koma gida da murna da fargaba a ciki ɗaya. Ya taɓa jin akwai wani a Zariya mai wannan aikin, wai wankewa ake yi, a bi da lallausar samfefa da ruwa a hankali, sannan a goge da mai har launin da ke ƙasa ya taso. Aikin haƙuri ne. Yana cikin yi wa Ladidi wannan bayani Haladu ya yi sallama, daidai lokacin da aka sauke tuwo, kamar kullum.

"Zariya?" in ji Haladu, yana wanke hannu. "Yaya Ɗanjuma, kana da kogi a gida za ka je neman rijiya? Wannan fatar da kake gani sunanta jelkot. Ni nan na goge jirgin da ya fi garin Funtua tsawo."

Ladidi ta ce, "Kai Haladu, ji tsoron Allah. Rake ka sayar."

"Rake da rana, jirgi da yamma. Ke mi kika sani a harkar teku, Yaya? Ko randa ba ki iya leƙawa sai kin yi bisimilla."

"Na dai san rediyon Baba da ka gyara, yanzu kaji ke ƙwai a ciki."

"Jabu ce!"

Da Ɗanjuma ya saurari matarsa da ya huta. Amma Zariya da nisa, lokaci ya ƙure, Haladu kuma ya dafa ƙirji ya ce in jirgin bai yi sheƙin da Honorabul zai gyara hularsa a jikinsa ba, a daina kiransa Injiniya. Aka taru aka jawo jirgi tudu, aka kife shi a ƙarƙashin wata kuka da ke bakin gari. Masu lambu suka koma zagaye madatsa da ƙafa suna gunaguni.

Haladu ya ɗaura tabarau baƙi, ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Sannan ya yanke hukunci. Ya ce Turawa ba su fi mu komai ba, asirin sheƙi yana madafar uwayenmu. Da mi ake darje gindin tukunya ta yi fes? Toka da yashi. Ya sa aka kwaso tokar murhun gidaje, aka ɗebo yashin rafi mai tsakuwa, ya naɗe hannun riga ya hau darza da soson buhu.

Tsohuwa, mai ƙosan bakin kuka, ta leƙo daga bayan kaskonta.

"Ɗan nan, tuwo za a tuƙa a ciki?"

"Iya, ki tsaya a ƙosanki. Wannan ilmi ne."

Da aka watsa ruwa aka ɗauraye, jirgi ya yi shuɗi shar, Haladu ya fara karɓar gaisuwa. Da rana ta busar da shi sai ga shi ya fi da fari, ga zane-zane ko'ina kamar kaji sun yi tono a kai.

Ɗanjuma ya shafa ya ce, "Haladu, ya ƙara lalacewa fa."

"Haka ake so! Cuta ce ta fito fili. Sheƙin yana can ƙasa, sai an tono shi."

Washegari ya hau babur ya tafi Dayi, ya aro giranda wurin mai walda, wato injin nan da ake gurje ƙarfe da shi yana tartsatsi. Aka tada janareta. Da ya ɗora bakin giranda a jikin jirgi sai ta tafi da shi, ya yi gaba ya yi baya, tabarau ya faɗi, amma bai saki ba don jama'a na kallo. Shuɗin ya tashi ɗungurum, ga wani farin zare ya bayyana, ga gari yana tashi iska tana raba wa unguwa. Da ya zo bayan jirgin, wurin da ake ɗaura inji, sai ya ce nan ne masu hoto za su fi ɗauka, don haka ya ba shi haƙƙinsa har wurin ya koma kamar faifai.

Kafin azahar gari ya ɗauki susa. Mu manoma ne, mun san ƙaiƙayin sussukar gero, amma wannan ubansa ne. Garin faiba in ya shiga fata kamar an watsa maka ƙananan allurai. A masallaci sahu ya kasa daidaita, kowa hannunsa a wuya ko a baya. Awaki suna goga jiki da katanga. Tsohuwa ta zubar da ƙullun ƙosanta ta taso da ludayi a hannu.

"Ina ɗan banzan nan? Ilmin naka ne ya shiga zanena?"

Haladu, wanda shi kansa yana goga baya da jikin kuka, ya ce, "Iya, alamar aiki na ci ke nan. A Legas in ba a yi susa ba, ba a biyan injiniya."

"Zo in biya ka!"

Ya tsere sai kasuwar Ƙarfi. Kuma a nan ne shaiɗan ya nuna masa hanya. Ya biyo ta rumfar Shitu mai bugu, ya ga an shimfiɗa shadda a kan gungume, mutum biyu suna sauke mata kulki, tim, tam, tim, tam. Shaddar da ta shigo a yamutse ba haske, ta fita tana ɗaukar ido. Haladu ya tsaya baki buɗe. Ya ce a ransa, ashe sheƙi duka ne ke fito da shi.

Shitu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ajiye kulki.

"Injiniya, riga nake bugu. Ban taɓa bugun jirgi ba."

"Mi ne ne shadda? Zare. Mi ke cikin jirgin nan? Zare. To ina bambanci?"

"Shadda ba ta fashewa."

"Wanda ya haye teku zai fashe don ɗan kulkinka? Kai dai ka ce tsoro kake ji, in nemo na Malumfashi."

Ba a ce wa mai bugu yana tsoron bugu. Da safe Shitu ya iso da abokin aikinsa da kulakensu, suka sa jirgi a tsakiya. Ɗanjuma ya sha gabansu, idonsa ya kaɗa.

"Haladu, abincina ne fa za ku daka."

"Yaya Ɗanjuma, inji kake so ko filafili? Dubi kafaɗarka."

Nan fa an taɓa wa Ɗanjuma inda ke ciwo. Ya koma gefe ya juya baya.

Jirgi a kife ganga ne babba. Da aka fara bugu har ƙauyukan tsallake suka ji, wasu suka taho da gudu suna tambayar gidan wa ake biki. Mata suka fito da zannuwan fita. Wani maroƙi da ya biyo hanya ya tsaya ya fara wasa Haladu, Haladu kuma ya ɗaga hannu yana gyaɗa kai. Ana cikin haka aka ji wani ƙas, aka sake jin ƙas. Shitu ya ɗaga kulki ya duba. Jikin jirgi ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, har akwai inda rana ke leƙowa ta ciki.

Ladidi ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Garin gyaran gira ka tsone mana ido!"

"Ke Yaya, daina tara mani jama'a. Ƙofofin sheƙi ne suka buɗe. Shitu, in ka gama bugu mi ke sa shadda ta riƙe haske?"

Shitu, yana ta haɗa kayansa don ya gudu, ya ce, "Kafin bugu ake sawa. Ƙaro da sitati."

"To mu a teku daga baya ake sawa."

Ya karɓi tukunyar biki ta Ladidi ba da son ranta ba. Ya jiƙa ƙaro mudu-mudu, ya dama sitati, ya juye bular wanki har sai da ta ƙare a shagunan garin. Ya toshe tsagogin da audugar da ya tsoma a ciki, sannan ya bi jirgin ciki da waje da tsintsiya, shafi kan shafi, rana tana gasawa.

Ni da nake ba ku labarin nan na ƙi jinin yabon Haladu, amma gaskiya ɗaya ce: jirgin ya yi kyau. Ya yi shuɗin da bai taɓa yi ba, yana walƙiya sai ka kare ido. Waɗanda suka zage shi jiya suka dawo suna cewa dama su sun san yaron nan akwai kai. Tsohuwa ma ta leƙa fuskarta ta gyara ɗankwali. Illa dai ƙudaje da suka manne a jiki, Haladu ya ce ado ne, da awaki da ke zuwa lasa, wanda ya sa ya wuni da sanda a hannu yana gadi.

Ɗanjuma ya yi murmushin da ya kwana biyu bai yi ba. Amma ya ce a sa shi a ruwa a gwada.

"Haba Yaya Ɗanjuma! Amarya tana fita kafin ranar buɗar kai? Ka bar Honorabul ya fara."

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura jan ƙyalle a hancin jirgi. Manya sun iso da motoci, masu hoto sun kafa ƙafa. Honorabul Aƙilu ya sha farar shadda wadda Shitu da kansa ya buga, ya karɓi lasifika ya ce wannan jirgi daga ƙasar waje ya yi odarsa, bai yi barci ba sai da ya ga ya iso. Mu da muka sha susa saboda jirgin muka tafa masa da ƙarfi. Haladu yana gefensa da tabarau, duk hoton da aka ɗauka sai ya cusa kai.

Aka sauke inji daga mota, sabo a leda. Ɗanjuma ya shafa shi da hannu biyu kamar jariri. Aka tura jirgi ruwa, aka ɗaura inji a baya. Honorabul ya shiga ya zauna a tsakiya, wani babban baƙo mai tumbi ya bi shi, sai Haladu da ya ce dole injiniya ya raka aikinsa. Ɗanjuma ya ja igiya, inji ya ɗauka. Wallahi na ga hawaye a idon dattijon nan.

Abin da Haladu bai tambayi Shitu ba, kuma kowace mace a garin ta sani, shi ne abin da ke faruwa da riga mai ƙaro in ruwa ya taɓa ta.

Ba su yi nisan jifa ba ruwan da ke kewaye da jirgi ya fara zama shuɗi. Masu hoto suka ɗauka wani salo ne. Sai auduga ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya tana yawo a saman ruwa. Babban baƙo ya dubi ƙafarsa.

"Honorabul, sabon jirgin naka yana da famfo a ciki?"

"Injiniya! Mi ke faruwa?"

"Ranka ya daɗe, gumi yake yi. Sabon jirgi sai ya yi gumi."

Honorabul ya yunƙura zai tashi, ƙaro ya ce ina. Zafin jikinsa da danshi sun narkar da shafin, mazaunin ya riƙe shaddar gam. Ya sake yunƙurawa, aka ji kyaat, ya miƙe, bayan rigar ya zauna. Baƙo mai tumbi ya ruga baya don can ne ruwa bai kai ba. Ɗanjuma ya murɗa inji da ƙarfi don ya juyo da su gaɓa. Wurin nan da Haladu ya gurje ya koma faifai ya ce shi kam ya gaji. Ya ɓalle gaba ɗaya, inji ya yi tsalle da shi, ya yi wani gurnani a cikin ruwa, ya yi shiru.

Allah ya taimaka ruwan wurin iya ƙirji ne. Jirgi ya zauna a ƙasa a hankali, mutum huɗu suka tsaya cikin ruwa kamar masu kamun kifi. Honorabul ya fito shuɗi tun daga wuya har ƙafa, hannu biyu a baya yana rufe abin da shadda ta bari. Masu hoto kuwa ba su taɓa aiki da himma irin ta ranar ba. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Maroƙi ya rasa wanda zai wasa, sai ya kama wasa ruwa.

Haladu ya fito yana matse riga, ya fuskanci jama'a.

"Ku shaida, aikina sheƙi ne, kuma ya yi sheƙi. Wa ya ce a sa shi a ruwa?"

Ladidi ta ce, "Jirgi ne, Haladu! A kan gado za a sa shi?"

"Ruwan madatsar nan ne jabu. Da teku ne..."

Takalmin Honorabul ne ya katse shi, don shi kaɗai ya rage masa da zai iya jifa da shi.

Matasa suka yi nutso suka ciro inji. Ɗanjuma ya matso zai taɓa, yaran Honorabul suka ture hannunsa suka jefa shi a mota. Daga baya muka ji an busar da shi an kai wani gari, an yanka masa ƙyalle a can. Aka watse aka bar Ɗanjuma zaune a bakin ruwa, jiƙe sharkaf, yana kallon hancin jirginsa da ya leƙo. Tunda nake ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba. Ya ji ƙarar injinsa sau ɗaya, bai ko kai tsakiyar ruwa ba, ga shi yanzu ko filafilin ma babu inda zai tsoma shi.

Da yamma aka taru ƙofar mai unguwa. Masu lambu suka ce tumatir ya nuna yana ruɓewa a tsallake. Haladu ya miƙe ya ce a ba shi dama, yana da dabarar ɗinke jirgin da jijiyar saniya. Mai unguwa ya ce ya zauna. Ya juya ga Ɗanjuma ya tambaye shi abin da yake so a yi.

Ɗanjuma ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni son komai nashi, don ba shi da komai. Za a kai jirgi Zariya, in zai gyaru. Amma mutanen nan sun saba in kawo masu kayansu, kuma ban taɓa saɓa masu ba. Tunda ya karya jirgin, shi ne jirgin."

Haka aka yi. Tun daga ranar, kullum Haladu yana zagaye madatsa da kwandon tumatir a ka, ya sauke ya koma. Ɗanjuma yana zaune a gaɓa yana nuna masa na wanda zai ɗauko, masu lambu suna ba Ɗanjuma ladan fito kamar yadda suka saba. In mutum yana tsallake yana son a kwashe masa kaya sai ya ɗaga murya ya ce, "A turo jirgi!"

Rannan da tsakar rana ya iso da kwando, ruwan tumatir yana bin wuyansa, gumi ya wanke masa fuska, goshinsa yana ɗaukar ido tun daga nesa. Ladidi ta kawo wa mijinta fura, ta tsaya ta kare ido da hannu tana kallon ƙanenta.

"Malam," ta ce, "ka gani ko? Ashe dai ya iya fito da sheƙi. Ba a ba shi abin da ya dace ya goge ba ne."

Ɗanjuma ya kurɓi fura, ya nuna tsallake da ludayi.

"Injiniya, juya. Akwai saura."